Takardar da Na Ɓoye wa Majo

Assalamu alaikum, masu karatu. Sunana Halidu. Ni ba mai yawan magana ba ne, lakwal ma, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka maida ni gona. Labarin ƙanwata Saude zan ba ku, da mutumin da ya nemi aurenta, da ƙaryar da na yi. Mai niyyar zagina ya bari sai ya kai ƙarshe.

Ƙauyenmu yana gefen Tama, a ƙasar Buza. Gero muke nomawa a tudu, albasa a fadama. Abin ya faru a 1986, shekara biyu bayan babbar yunwa. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, Saude tana hannuna.

Bazawara ce. Aurenta na fari a Urno aka yi. Ta haihu, ɗan bai kai ranar suna ba ya koma. Daga nan kanta ya juye. Ba ta barci, tana magana da wanda ba a gani, tana cewa ana kiranta daga cikin randa. Mijin bai yi wata ba ya sake ta. Namiji ke nan! Abu ɗaya na gode masa: shi da danginsa sun rufe baki, don kada a ce gidansu ya yi mahaukaciya.

Na sa ta a kamiyo, babbar motar kaya, har Yamai. Wata biyu ta yi a asibiti, ta dawo mutum. Suka ba mu karne, wato takardar likita mai rubutun ciwonta, da wata jar ƙwaya, a sha safe da dare. A gari na ce ciwon jego ne. Karnen na sa shi a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigar sallata, na kulle. Duk bayan wata biyu nakan kai albasa Madawa, in sayo ƙwayar a can inda ba a san mu ba. A garinmu mu uku muka sani: ni, ita, da matata Mairamu. Shekara uku ciwon bai tashi ba.

Kada ku ce mini me ya sa. Ku ba ku zauna a garinmu ba. A lokacin, in aka ce gida kaza akwai hauka, har jikokin gidan sai sun yi kwantai.

Sai ga Surajo. Ɗan garinmu ne, dogo, baƙi, mai wushirya. Kowace shekara in an kai amfani gida yakan tafi Abijan nema. Ba ya shan taba, ba ya karta, in ya gaishe ka sai ya cire takalmi. Ya ga Saude tana dashen albasa, ya fara zuwa zance. Ban hana ba. Da ya tafi Abijan ya aiko da kaset ta hannun wani direba. Mairamu ta sa sabbin batura a rediyo, muka ji muryarsa, ga ƙugin motoci a bayansa:

"Saude, ina gaishe ki. Nan kullum ruwa ake, rogo ya ishe ni, tuwon gero nake mafarki. Na sai miki atamfa mai zanen tsuntsu, da kallabi shuɗi. Ki hwaɗa wa Yaya Halidu in na dawo Baffa Alƙasim zai zo wurinai."

Saude ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Mairamu ta ce, "Tuwon gero yake mafarki ko mai tuƙa shi?" Saude ta jefe ta da mara. Sau nawa aka juya kaset ɗin nan, ban ƙirga ba. Har ya fara jan murya.

Ni kuwa sunan da ya ambata ne ya tsaya mini a rai. Baffa Alƙasim ƙanen mahaifin Surajo ne. Uban ya rasu, shi zai nema masa aure. Kuma shi ne majo, babban mai ba da magani a likita, wato ƙaramin asibitin da muke zuwa. Duk ƙasarmu Majo ake ce masa.

Saura wata biyu Surajo ya dawo, Saude ta fara ciwon kai. Ƙeya take riƙewa, tana cewa kunnenta na ƙara. Da ta yi haɓo sau biyu na kai ta. Majo yana zaune da farar riga, gilashi a kan hanci. Ya gan mu ya yi murmushi, ya ce, "A'a, surukata ce? Shigo ɗiyata, zauna." Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya hura, ya saurara.

"Tansiyo ce, hawan jini. Ta yi sama ƙwarai. Halidu, tana shan wani magani?"

Saude ta dube ni.

Na ce, "Babu."

"Ko na gargajiya? Ko na wata likita?"

"Babu, Majo."

Sau biyu mutumin nan ya tambaye ni. Ku rubuta wannan, don ba na son a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya buɗe mata sabon karne, ya ba ta ƙwaya rawaya, sau uku a yini, ya ce a rage gishiri da kanwa.

A hanya Saude ta ce, "Yaya, da ka hwaɗa mai."

"In hwaɗa wa wa? Wanda zai kawo goronki?"

"To in sun ƙi juna a ciki fa?"

"Magani ne, ba awaki ba. Wanga na kai ne, wanga na jini. Kowa da hanya tai."

Haka na ce mata. Ni da aji biyu.

Ciwon kan ya tafi, wani abu ya zo. Saude mai tashi kafin zakara ta koma sai an tashe ta. Tana tankaɗe tana gyangyaɗi. Bakinta ya bushe, kullum moɗa a hannu. Hancinta ya toshe ba mura. In ta miƙe daga tabarma sai ta dafa bango, ta ce duhu take gani. Tafiyarta ta yi nauyi, hannunta na rawa in ta ɗauki ludayi. Na ce zafi ne, bazara ce. Mairamu ta ce ba zafi ba ne. Na ce ta yi mini shiru.

Surajo ya dawo da atamfarsa da kallabinsa, aka sa ranar Juma'a ta sama Majo zai zo neman aure. Ranar Asabar da hantsi Saude ta tafi rijiya. Ta duƙa tana ɗaure guga, ta miƙe, sai ta zube. Allah ya sa baya ta faɗi, ba gaba ba. Rijiyarmu gaba goma sha biyu ce.

Mata suka taru, suka yayyafa mata ruwa, suka sassauta mata zane. Sai suka ga gaban rigarta a jiƙe, kuma ba ruwan rijiya ba ne. Nono ne. Macen da rabonta da haihuwa shekara uku.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Jiri, barci, kasala, ga nono: ciki ne. Aka kuma yi lissafi, Surajo wata takwas yana Abijan, kwanansa goma da dawowa. To na wa ne? Matan da Saude ta yi wa kitso kyauta, matan da ta raba wa irin albasa lokacin da ba su da ko ƙwaya, su ne masu lissafin.

Da la'asar Inna Baraka, mahaifiyar Surajo, ta zo ƙofar gidana. Ba ta shiga ba. A waje ta tsaya don a ji.

"Halidu, ɗana ya sha wuyar Abijan, ba zai dawo ya yi girbin gonar da bai shuka ba."

Na ce, "Inna, ki shigo mu yi magana."

"In shigo in ga mi? Mata goma sun gani. Ku nemi mai kayan ku ba shi."

Ba don tsohuwa ba ce, da ban san abin da zan yi ba. Na shiga gida. Mairamu ta ja ni bayan rumbu, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Maigida, akwai abin da ban hwaɗa maka ba. Wata biyu ba ta ga al'adarta ba."

Nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na shiga ɗakin Saude. Tana kwance, kanta ɗaure da tsumma inda ta bugu, atamfa mai tsuntsu a ninke kusa da matashinta. Ban ce sannu ba. Na ce:

"Na wa ne?"

Ta ɗaga kai a hankali. "Mi, Yaya?"

"Kin ji ni. Na ɗauke ki har Yamai, na rufa miki asiri shekara uku, da wanga za ki saka mini?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni har na gaji da tsayuwa, sannan ta ce, "Gobe ka kai ni likita." Ta juya fuska bango.

Washegari muka hau kamiyon 'yan kasuwa. Majo ya riga ya ji labari, ba murmushi ran nan. Ya haɗa ta da ungozomar likita, suka shiga ciki. Da suka fito, matar ta ce da ƙarfi, tana harara ta, "Babu ciki. Ko alama tai babu."

Na ji sanyi, na ji kunya, duka a lokaci guda.

Majo ya ce, "To nonon daga ina?" Ya kwantar da ita a gado, ya auna. Ya ce ta miƙe tsaye, ya sake aunawa. Bai gama ba gwiwoyinta suka saki, ungozoma ta tare ta. Ya duba hannunta mai rawa, ya lanƙwasa gwiwar hannun ya ji ta yi tauri. Ya cire gilashi.

"Halidu, abin da na ba ta bai isa ya yi wanga duka ba shi kaɗai. Zan sake tambayarka. Mi take sha?"

Na buɗe baki. Wallahi "babu" ce a kan harshena. Sai na ji ƙarar ƙarfe a tebur. Saude ce ta kwance bakin zanenta, ta ajiye gwangwanin jar ƙwaya a gabansa.

"Wanga nake sha, Baffa. Shekara uku. A Yamai anka ba ni. Na yi ciwon hauka bayan haihuwata."

Majo ya zuba ƙwayar a tafinsa, ya juya ta. Ya ce ungozoma ta rufe ƙofa. Sannan ya fuskance ni. Tun da mahaifina ya rasu ba wanda ya yi mini magana irin ta ran nan.

"Kai wane irin mutum ne? Sau biyu na tambaye ka! Wanga jar ita ma tana saukar da jini. Na ɗora mata tawa a kai, ƙarfinsu ya haɗu. In ta miƙe jinin bai kai ga kanta, shi ne duhun, shi ne faɗuwar. Barcin nan da rawar hannu, kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta. Nono da tsayawar al'ada, kowace ita kaɗai tana iya kawo su, kai ka haɗa mata biyu. Da na sani da wani na ba ta, da kaɗan-kaɗan na fara. Da cikin rijiyar ta faɗa fa? Mi za ka hwaɗa wa Allah? Asiri ka rufa?"

Na ce, "Majo, a rage murya."

"Ka gani! Har yanzu murya ce ta dame ka."

Na ce to a daina jar, tunda ta warke. Ya buga tebur. "Kada ka taɓa ta! In kunka yanke ta da kanku ciwon zai dawo. Tawa zan sake. Zan rubuta wa likitan Yamai, shi zai ce ko a rage tasa. Ka kawo mini karnen can gobe. Kuma ke ɗiyata, in za ki tashi ki fara zama, ki jima, sannan ki miƙe. Rijiya kuwa ba ke ba ita sai na ce."

Ya rubuta abin da zai rubuta. Muna shirin fita ya ce mu dakata.

"Cikin ɗakin nan ni majo ne, abin da na ji bai fita. Amma ran Juma'a ni uban Surajo ne. Ba zan hwaɗa mai ba, ba kuma zan nema mai aure bisa ɓoye-ɓoye ba. Ku san yadda za ku yi."

A kamiyo na yi ta saƙa. In muka yi shiru, gari ya ce cikin shege ne aka zubar a likita. In muka faɗi gaskiya, gari ya ce mahaukaciya. Suna biyu, dole ta ɗauki ɗaya. Na ce mata, "Za mu ce maganin tansiyo ne kaɗai ya kawo nonon. Ba ƙarya ba ce duka. Majo zan san yadda zan lallashe shi."

Ta ce, "Yaya, ka gama yi mini dabara."

Ran Litinin na kai wa Majo karnen. Ran Talata da safe ina ba shanu ruwa a kwami kusa da rijiya, sai ga Saude tafe, Mairamu na riƙe da hannunta. Ta sa atamfa mai tsuntsu, an ɗinke ta riga da zane, ga shuɗin kallabi. Ba tulu, ba guga. Mata sun fi ashirin, Inna Baraka na cikinsu. Hira ta mutu.

Saude ta zauna a kan kututture nesa da bakin rijiya, ta ce, "Ina kwananku. Na ji kuna nema wa cikina uba. Ku huta, babu ciki, ku tambayi ungozomar likita. Abin da ke akwai shi ne na yi hauka da ɗana ya rasu. Anka kai ni Yamai, na warke, ina shan magani kullum. Shi ya haɗu da na tansiyo ya kada ni, ya kawo nono. Wadda ɗanta ya mutu a hannunta ba ta ji kanta ya motsa ba, ta yi mini dariya."

Ba wadda ta yi. Da wuya ka sami mace a wurin da ba ta binne ɗa ba lokacin yunwa.

Ni kuwa igiyar sa ta suɓuce mini. Shekara uku ina jigila Madawa, ina kulle akwati, ta zo ta zubar a bakin rijiya kamar ruwan wanki! Ban iya ɗaga ido ba.

Inna Baraka ta ɗauki tulunta. Ta ce, "To. Ba ciki, hauka. Allah ya sawwaƙe. Ɗana dai ba zai haifa mini masu jifa ba." Ta wuce.

Da yamma Surajo ya zo, ya cire takalmi a bakin zaure. Saude ta fito ta zauna daga ciki, ni ina gefe.

"Da gaske ne abin da kinka hwaɗa?"

"Da gaske."

"Mi ya hana ki hwaɗa mini ni?"

Ba ta dube ni ba. Shi ne ya dube ni.

Ya ce, "Ran Asabar da anka kawo mini zancen ciki, na ce ƙarya ne, ban ko tashi daga inda nake ba. Wanga kuwa tunda daga bakinki ya fito na yarda. Inna ta ce in na aure ki ba ta taka gidana. Ban san yadda zan yi da ita ba tukuna." Ya dubi zanen jikinta. "Atamfar ta yi miki kyau." Ya sa takalmi ya tafi.

Bare ya ce ƙarya ne bai ko tashi ba. Ni da muka sha nono ɗaya na shiga ɗaki na tambaya.

Ran Juma'a bayan masallaci na shimfiɗa tabarma huɗu a zaure, don da an ce mutum goma za su zo. Na sa rigar sallata. Na zauna har rana ta karkata. Maƙwabta suna leƙe ta katanga. Sai na ji ƙarar mobilet, ƙaramin babur. Majo ne, da dattijai biyu a ƙasa suna biye. Su uku. Ya ajiye ƙullin goro a tsakiya, muka gaisa, ya ce sun zo nema wa ɗansu Surajo auren Saude, sun san abin da suka sani, sun ji sun gani.

Bazawara ba a ba da ita sai an ji daga bakinta. Na tashi na shiga ciki. Tana zaune a kujerar tsugunne, Mairamu na yi mata kitso.

"Sun zo. Mi zan ce musu?"

"Ka ce na yarda."

Na juya zan fita.

"Yaya."

Na tsaya.

"Ba kai za ka ba da ni ba. Ka wakilta Baba Alhassan."

Baba Alhassan ƙanen mahaifinmu ne, tsoho mai saƙar igiya a ƙarshen gari, wanda ko shawarar rabon gona ban taɓa nema wurinsa ba. Na ce, "Kin san abin da kike hwaɗi? Ni ne waliyyinki. Ni na kai ki Yamai. Mi gari zai ce?"

"Na sani, Yaya, Allah ya saka maka. Amma bakin da ya ce mini na wa ne, ba shi zai ce na ba ku ita ba."

Mairamu ba ta ɗaga kai daga kitson ba. Na jira ta sa baki. Ba ta sa ba.

Na fito. Maza uku suna dubana, goro a tsakiya ba a kwance ba. Majo ya ce, "Yaya ake ciki, Halidu?"

Na ce, "Ta yarda. Ku ba ni kaɗan."

Na sa takalmi, na ratsa gari da rigar salla, mutane na kallo daga ƙofofinsu, har gidan Baba Alhassan. Yana zaune a inuwa yana murza kaba a cinya. Na durƙusa a gabansa.